Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Na'urar Ciyar da Dabbobi da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa mambobi.

Zan fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato kuɗin wata. Littafin Ma'aji yana nan, mai so ya duba: waɗanda suka biya nasu cif a 2024 ba su kai rabinmu ba, akwai ma waɗanda tun azumi ba su sake saka ko sisi ba. Na bi wasu har shago, na kira wasu har suka daina ɗaga waya, na rubuta a zaurenmu na WhatsApp ana karantawa ana wucewa. Sakatare aka zaɓe ni, ba mai karɓar bashi ba, kuma ba albashi nake ɗauka ba. Duk aikin da za ku ji bai kammala ba a wannan rahoto, daga nan matsalarsa ta taso.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, in ban da na azumi da aka ɗage.

Babban aikinmu na bana shi ne na'urar da ke zuba wa dabbobin gida abinci da kanta, wadda muka amince da ita saboda 'yan uwanmu masu kiwon tantabara, kaji da mage, da ke rasa mai kula musu da su in sun tafi gida Sallah. Alhamdulillahi ta tashi. Bokitin fenti muka mai da rumbun abincin, aka sa masa mazurari da bututun roba na famfo a ƙasa. Allon Arduino Uno ne ƙwaƙwalwarta, agogon DS3231 ke gaya mata lokaci, shi kuma yana da ɗan batirinsa na CR2032, don haka ko wuta ta ɗauke lokaci ba ya ɓace masa. Ƙaramin injin SG90 da aka fara gwadawa don buɗewa da rufe ƙofar da ke bakin bututun, haƙoransa na roba ne, da dusa ta cushe sai suka cinye. Dole aka sayi MG996R mai haƙoran ƙarfe, aka kuma ja masa wutarsa daban, domin in ya sha daga jikin allon, allon kan mutu ya sake tashi a tsakiyar aiki. Da damina ta kankama sai tsaki ya riƙa dunƙulewa saboda danshi, aka yi wa bokitin murfi mai roba, aka ƙara wa mazurarin gangara. Mutum biyar zuwa shida ne suka yi wannan wahala, mafi yawan kayan kuma daga aljihunsu.

Lokacin da layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a watan Oktoba, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, na'urar tana ɗakin tantabarun Ma'aji a kan batiran caji samfurin 18650 da ƙaramin faifan sola. Safe da yamma ba ta fasa zuba gero ba. Wannan ne ya ba mu ƙarfin gwiwar fito da ita bainar jama'a.

Ranar baje kolin kuwa sai dai godiyar Allah. Tun kafin a gama jera kujeru ɗakin taron makarantar da ta ba mu aro ya cika, ɗalibai har kan tagogi. Muka ajiye kejin tantabaru a kan tebur, na'urar na ɗaure a gefensa, Shugaba ya sanar cewa ƙarfe goma sha ɗaya daidai za ta buɗe ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Jama'a suka zuba wa agogon bango ido. Lokaci na cika aka ji injin ya yi ƙiii, gero ya zubo cikin kwanon, tantabarun suka diro a kansa, ɗaki ya kaure da tafi da kabbara. Sai muka miƙa rimot ga wata ɗaliba 'yar aji uku. Hannunta na rawa ta danna, ƙofar ta sake buɗewa, ta juya tana kallon malamarta baki buɗe. Daga nan layi ya kafu, kowa sai ya danna, har sai da muka kwashe kwanon don kada tantabarun su ƙware. Wani dattijo da ya daɗe yana kiwon tantabara ya sa aka buɗe masa bokitin, ya zura hannu ya shafa mazurarin, ya tambaya ko za ta iya da dawa, aka zuba aka gwada a gabansa, ta zubo lafiya. Malamin kimiyya ya zauna da yaranmu a gaban kwamfuta suna nuna masa layin manhajar da ake canja lokaci da wanda ke ƙayyade daƙiƙa nawa ƙofa za ta zauna a buɗe. Wani mai gidan kifi ya nemi a yi masa irinta. Muna godiya ga hukumar makarantar, da ɗan'uwanmu mai gyaran waya da ya kwana yana liƙa wayoyi da dalma, da 'yan uwa mata da suka ɗauki nauyin ruwa da zoɓo.

Na ji ana cewa mun yi alkawarin sarrafa ta da waya daga ko'ina, ga shi mun ƙare da rimot irin na talabijin. Gaskiya ne rimot ɗin ba ya aiki sai kana tsaye kusa kana nuna ta, kuma hasken rana na rage masa ƙarfi. Amma ba iyawa muka rasa ba. Manhajar karɓar saƙon tes an rubuta ta, tana cikin kwamfutar ƙungiya. Abin da ya rage shi ne SIM800L, ƙaramin allon da ake saka wa katin SIM don karɓar saƙon, wanda ke jan wuta har amfiya 2 lokacin da yake neman layi, don haka sai da nasa batirin da na'urar daidaita wuta. An kawo shawarar wani allon mai suna ESP32, amma shi Wi-Fi yake so, gida nawa ne a cikinmu ke da shi kunne dare da rana? Duk kayan nan daga waje ake shigo da su. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, lissafin da muka yi a farkon shekara bai kai ko'ina ba. Haka ma'aunin nauyi mai HX711, da zai sa ta auna abincin maimakon ƙidaya daƙiƙa, yana nan a takarda. Horon ɗaliban da muka ce za mu yi a hutun ƙarshen zango shi ma bai yiwu ba, domin allo ɗaya ba zai ishi aji ba. Masu cewa a nemi tallafi a waje su tuna da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wa zai ba ƙungiyar da 'ya'yanta ba sa biyan nasu?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne waɗanda ba mu gansu ko sau ɗaya a wurin aiki ba, amma ranar baje koli suka shigo sahun gaba a hoto, da yamma suka ɗora a Facebook suna cewa mun yi. Ba a hana kowa murna ba, amma masu ƙona yatsu da dalma suna kallo, kuma sun fara gajiya.

Kwamitin zartarwa zai gabatar wa babban taro shawarar cewa duk wanda ake bi kuɗin wata ya biya kafin ƙarshen Janairu, in ba haka ba a dakatar da shi daga aron kayan aiki da jefa ƙuri'a. Kuɗin farko da ya shigo SIM800L za a saya da shi. Wanda mitar gwajin wuta ta ƙungiya take hannunsa kuma ya dawo da ita ga Ma'aji kafin ranar taron.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya