Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tashar nukiliya ta Zaporizhzhia a Yukren, mafi girma a Turai, wadda ke hannun sojojin Rasha tun watan Maris na 2022. Duk sanda aka ce wutar da ke sanyaya tukwanenta ta katse, sai gabana ya faɗi, in tuna yaran Chernobyl.

Tukunyar tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren ta fashe ranar 26 ga Afrilu, 1986, amma sai da aka yi kusan awa 36 kafin a fara kwashe mutanen garin Pripyat da ke kusa da tashar. Hukumar Tarayyar Sobiyet ta ja bakinta, sai da na'urorin auna gubar nukiliya na Suwidin suka tona asiri. Ana cikin haka gubar ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, uwaye suka yi ta ba 'ya'yansu madara da hannunsu, ba wanda ya ce musu kul. Burɓushin aidin mai guba yakan taru ne a ƙululun maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, kuma na yara ya fi saurin zuƙarsa. Zuwa 2005, sama da mutum 6,000 da ke ƙanana a lokacin sun kamu da sankarar wannan wuri a Belarus da Yukren da Rasha.

Abin da ke ci mini rai shi ne rigakafin ba shi da tsada. Ƙwayar aidin ce, a sha kafin gubar ta iso ko cikin awannin farko, ta cika ƙululun har mai gubar ya rasa wurin zama. Polan ta ba miliyoyin yaranta ruwan aidin a 1986. Sai dai ƙwayar da ke kulle a sito, mai mabuɗi ya yi tafiya, ba ta tsinana wa kowa komai.

Hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan kuma a 2011 ya nuna wani gefen: tsofaffi da majinyata sun mutu a wahalar kwasa, an ɗora su a motoci ba abinci ba mai jinya.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka matsa wa ƙasashe masu tashoshi da maƙwabtansu su kai ƙwayar nan gidajen jama'a tun yanzu, da bayanin yadda ake shanta cikin harshen da suke ji. A faɗa wa mutane tun kafin ranar ta zo: su shige ɗaki, su rufe taga, su tuɓe kayan da suka fita da su, su yi wanka, su dakata da madarar yankin. Kowane asibiti kuma ya san motar da za ta ɗauki majinyatansa da inda za ta sauke su.

Na gode da sauraro,
Wani uba mai ƙananan yara.