Baba, na je Salaga

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna da ciwon ƙafar nan? Ni ina nan Kumasi lafiya lau, kasuwa kuma sai godiya, ko da yake sidi, kuɗin Ghana, ba ya zama wuri ɗaya.

Baba, na cika alkawarin da na yi muku ranar da kuka raka ni tasha. Na je Salaga, na ga Baffa da idona, na kwana a gidansa.

Asabar da asuba muka tashi ni da maƙwabcina na shago, ɗan Zangon Aboabo ne, shi ke da mota. Muka hau dutsen Mamfon, muka wuce Ejura da Atebubu, inda doya ke jibge bakin titi kamar itacen girki. A Yeji hanya ta ƙare, sai ruwa. Tafkin Bolta ke nan, wanda ya taru bayan an datse kogin a Akosombo a 1965. In ka tsaya a bakinsa sai ka rantse teku ne. Mun tsaya cin waken nan nasu a Atebubu, wai wace, shinkafa da wake ce tamu suka gutsure sunan, kuma wannan kwaɗayin ya sa jirgin fito ya tafi ya bar mu. Muka zauna cikin hayaƙin masu banda kifi har bayan azahar. Da muka haye Makango, tafiya kaɗan sai ga Salaga.

Gaskiya da na gan ta sai jikina ya yi sanyi. Tun muna yara nake jin kuna faɗin Gwanja, Gwanja, wato ƙasar da Salaga take, da yadda kakanku ya bi madugu yana saurayi, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, su haye Kwara, su ratsa Bargu da Jugu da Yandi, watanni a hanya, su komo da goro. Na ɗauka zan tarar da wani birni mai ganuwa kamar Kano. Ashe ɗan gari ne, babura da awaki da rumfunan kwano, ka zagaye shi da ƙafa kafin la'asar ta yi sanyi.

Baffa na zaune bakin masallacin unguwa muka iso. Ban faɗi sunana ba, gaishe shi kawai na yi, ya ɗago ya daɗe yana kallona, sai ya ce, “Wannan goshin na gidanmu ne.” Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi yana, amma kansa garau. Sai da ya tambaye ni kowa da kowa, har waɗanda suka rasu tun ban zo duniya ba. Da na gaya masa rasuwar Gwaggo ya yi shiru, ya ce rabonsa da ita tun 1969, ranar da ya ɗora ta a babbar mota da buhun kayanta, lokacin da gwamnatin Busiya, firaministan Ghana na wancan zamani, ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasar. Mijinta ba shi da takarda, ta bi shi. Shi Baffa ya zauna saboda an haife shi nan, ubansa ma nan.

Da dare aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo. Jikokinsa suka kewaye ni suna dariyar Hausata, wai ina magana kamar rediyo. Ni ma tasu ta ba ni dariya, don ba ruwansu da “ta”, mace ma “ya zo” ne. Matar Baffa ta shigo, yaro ya ce, “Kaka ya kawo ruwa.” Na waiga ina neman namiji.

Lahadi da safe Baffa ya ce sai ya kai ni da kansa, ya dogara sandarsa. Muka fara da inda tsohuwar kasuwa take a tsakiyar gari. Nan ne, Baba, abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar wasiƙa maimakon in kira waya. A gida goro kawai ake ba mu labari. Ba goro kaɗai ake ciniki a Salaga ba, har da mutane. Sun nuna mini mari da sarƙoƙin da aka adana, ƙarfen ya yi baƙi. Na ɗauki ɗaya, zoben bai fi kaurin wuyan hannuna ba, sai na ajiye da sauri. Daga nan muka fita bayan gari wajen rijiyoyi, ƙananan ramuka ne birjik a cikin ciyawa, in ba ka lura ba sai ka zurma. Sunan wurin Wankan Bayi. Da Hausa, Baba, ba da yaren Gwanjawa ba. Nan ake wanke su a shafe su da man kaɗe kafin a kai su kasuwa. Akwai kuma wani wuri da suke kira Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Ban ce a kai ni ba.

Na tambayi Baffa ko kakanninmu sun taɓa sayen mutum. Bai ɓoye ba. Ya ce jaki ba ya isa ɗaukar goron ayari duka, wa kake tsammani ya ɗauki sauran a ka har Kano? Ya ce shi bai san na gidanmu ba dalla-dalla, amma kada in ɗauka mun fi sauran fatake tsarki. Daga nan bai ƙara ba, ni ma na kama bakina.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin yadda garin ya mutu. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, masu sarautar Kumasi, su kuma suka toshe mata goro, ciniki ya koma Kintamfo da Atebubu. Sai yaƙin sarauta na 1892 ya ƙarasa ta, mutane suka watse. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano mai waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya koma Kete Karaci ya zauna har rasuwarsa a 1934. Ƙanen kakanku ma can ya bi, ɗansa ne ya dawo Salaga daga baya. Tsohon garin Karacin yanzu yana ƙarƙashin ruwan da muka haye.

Da za mu tafi ya shiga ɗaki ya fito da goro fari guda bakwai a ganye, ya ce in aiko muku. Na ce Baffa, goron nan daga Kumasi aka kawo shi, ƙila ma a layinmu aka saya. Ya ce ya sani, amma ta Salaga ya biyo, haka ake yi tun asali. Zan ba direban da ke zuwa Kano ƙarshen wata, tare da kuɗin maganin Inna da atamfa biyu.

Saƙonsa gare ku biyu ne. Yana son hoton kabarin Gwaggo, ko a waya ne a turo mini in kai masa. Kuma yana tambaya ko kukar nan ta ƙofar gidan kakanku tana nan, don ubansa ya sha ba shi labarinta. Na ce zan tambaya, don ni ban taso na gan ta ba.

A gaida Inna da su Yaya da yara duka. A sa ni a addu'a.

Ɗanku, daga Kumasi.