Tattabara ba ta buga lissafi, a daina ruɗa masu sauraro

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na kimiyya na daren Talata ya ɓata mini rai matuƙa. Mai gabatarwa ya yi ta nanatawa, har da dariya, wai masana sun gano tattabara na buga lissafi a ƙwaƙwalwarta kafin ta zaɓi maɓallin da za ta sara. Don Allah a ina ya samo wannan?

Ba haka Richard Herrnstein na Jami'ar Harvard, masanin da ya yi wannan binciken, ya ce ba a 1961. Tattabaru ya sa a akwati mai maɓalli biyu, kowanne na sakin tsaba jefi-jefi, amma ɗaya ya fi ɗaya alheri. Sai ya lura in kashi biyu cikin uku na tsabar daga hagu take fitowa, to kusan kashi biyu cikin uku na saran ma hagu yake tafiya. Shi ya ƙirga saran, shi ya zauna ya rubuta lissafin. Ita tattabara yunwa ce ke cin ta, shi ke nan.

Ni da hannuna na yi wannan aikin ina ɗalibi. Kullum sai mun ɗora tsuntsu a ma'auni, a rage masa ci har nauyinsa ya sauka zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari, in ba haka ba ko kallon maɓallin ba zai yi ba. Muna da wata tattabara mai taurin kai da ta nace wa ɓangaren dama, ko da hagu ya fi ba da tsaba. Da aka haɗa alƙalumanta da na sauran aka fitar da matsakaici, sai layin da aka zana da alƙaluman ya fito sumul a takarda, ka rantse babu ita a cikinsu. Irin wannan karkata na cikin abin da ya sa wani masanin, William Baum, ya yi wa lissafin Herrnstein kwaskwarima a 1974. Ko sunansa ba ku ambata ba! Yanzu ga ɗalibai sun ji a rediyo, gobe su rubuta wa malami cewa tsuntsu ya iya aljabara.

Sannan wannan kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar baƙo, wa ya ce muna so? Rabin bayaninsa ban ji ba, sai da na manna kunne jikin rediyo. A cire shi.

Naku,
Mai sauraro na kullum