Kafin a mayar da WAEC kan kwamfuta, a bar yara su taɓa ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinka in yi magana kan jarrabawar kammala sakandare da ake shirin mayarwa kan kwamfuta. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar gwamnati, 'yan aji shida nake koyarwa.

Tun farko in faɗa, ba na adawa da tsarin. Duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa ya san yadda satar amsa ta zame mana ƙarfen ƙafa. Ba mu manta da Mayun 2025 ba, lokacin da yara a wurare da dama suka rubuta Ingilishin WAEC cikin dare da hasken tocila, saboda jinkirin da fargabar fitar tambayoyi ta jawo. WAEC ta soma gwada kwamfuta a farkon 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu: tambayoyin zaɓi a kwamfuta, na dogon rubutu kuma a karanta a allo a amsa a takarda. Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a ɗaga zuwa 2030. Kowace shekara aka tsayar, abin da na gani da idona shi ya dame ni.

Wata Asabar na kwashi ɗalibaina zuwa wani shagon kwamfuta a cikin gari, muka yi karo-karo muka saya wa mai shagon man janareta. Akwai yarinyar da babu mai ja da ita a lissafi a ajina. Da ta zauna, sai ta ɗaga linzamin kwamfutar sama tana nuna allo da shi kamar rimot ɗin talabijin. Yara suka fashe da dariya. Ta ajiye, ta naɗe hannuwa a cikin hijabi, ta ce, "Malam, kar in taɓa in ɓata musu." Tambayar da ke kan allon, da a takarda take, ko minti ɗaya ba za ta ɗauke ta ba. Na kusanta na kama linzamin na nuna mata yadda kibiyar ke bin hannu. Kafin mu tashi ta fi kowa maki, amma fa sai da ta ci kusan rabin sa'a tana tsoro. A ɗakin jarrabawa babu mai maido mata wannan rabin sa'ar.

Za a ce ai yaran yanzu kowa da waya. Shafa waya daban, zama gaban allo agogo na ƙirga maka lokaci a kusurwa daban. Kuma 'ya'yan karkara nawa ne ke da wayar?

JAMB ta riga ta bi wannan hanya: ta soma a 2013, ta koma kwamfuta zalla a 2015. Har ta sauƙaƙa abin zuwa 'yan madannai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Ba wani ilimin boye ba ne, zama uku ko huɗu ya isa. Duk da gogewarta, a 2025 matsalar na'ura ta sa sama da mutum 379,000 sake zama a Legas da Kudu maso Gabas, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye yana ba da haƙuri. To ina ga WAEC mai darussa takwas ko tara ga kowane yaro, ana kwashe makonni ana yi?

Roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohi: cibiyoyin JAMB da ke zaune kusan shekara babu aiki, a yi yarjejeniya da masu su, a riƙa kai 'yan aji biyar da shida gwaji ko sau ɗaya a zango, da tsofaffin tambayoyi da agogo na gaske. Makarantun da aka kulle kwamfutocinsu a sito don kar yara su lalata, a buɗe, a sa musu sola. Mu malamai ma a haɗa da mu, don a ɗakin malamanmu akwai waɗanda ba su fi yarinyar nan sanin linzami ba.

Na gode.

Wani malamin sakandare,
Zariya.