Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi kan dutsen felsifa da sana'ar tangaran

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu 'ya'yanka ne masu sa tayil da gilashin taga da masu sayar da su a Aboabo, Asawase da Alabar. Kayan da muke ɗauka kullum a ka, daga wani waje ake toyo su, ladan ɗauka da na shimfiɗawa kawai ke shigowa Zango. Kukan da muka kawo ke nan.

Allah ya taimake ka, kusan babu tayil ko kwanon tangaran mai ƙyalli da ba a sa masa felsifa, wato feldspar a Turance. Dutse ne fari, wani lokaci ja-ja, kuma shi ya fi kowane ma'adini yawa a ɓawon ƙasa, fiye da rabinsa. Aikinsa a tanda irin na kanwa ne a tukunyar wake. Farin yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, amma idan aka niƙa felsifa aka haɗa da yumɓu da yashi, a wajen digiri 1,200 sai ya narke ya cike ƙofofin yumɓun, tayil ya fito da tauri, ba ya shan ruwa. A gilashi kuwa yana ƙara ƙarfi, yana rage kuɗin wuta. Duk dutsen garanit da ake fasawa a Buoho don kankare yana ɗauke da shi, sai dai gauraye. Wanda masana'anta ke saye shi ne na jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi, irin na Moree kusa da Cape Coast da na Ewoyaa wajen Mankessim, inda gwamnati ta ba da lasisin haƙar litiyam, ma'adinin da ake yin batir da shi, a watan Oktoban 2023, felsifa kuma na cikin abin da za a fitar tare da shi.

Iyayenmu sun ga masana'antar gilashi ta Aboso, ta zamanin Nkrumah, sun ga ta tangaran a Saltpond. Duka sun tsaya. Yau ana toya tayil a Shama, abin farin ciki ne, amma nisansa da yaron Asawase ba kaɗan ba. Alhali ga yumɓun Mfensi a bakin ƙofarmu, ga maginan tukwane na Pankrono, ga jami'ar KNUST ta Kumasi inda ake koyar da aikin tangaran.

Mun san dokar ma'adinai ta 2006 ta sa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a. Ba galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, muke nema ba, mun ga abin da ya yi wa kogin Offin. Roƙonmu shi ne ka kai maganarmu fadar Manhyia gaban Otumfuo Sarkin Asante, da majalisar Asokore Mampong, a nemi hukumar binciken ƙasa ta Gana ta auna duwatsun kewayen Kumasi, a bayyana sakamakon a fili, har da Hausa a rediyo. A kuma nema wa yaranmu maza da mata gurbin koyon haɗa yumɓu da shafen ƙyalli da kula da tanda, da fili ɗaya na gina tandar gwaji. Duk inda za a niƙa dutsen, a wajabta ruwa da takunkumin hanci, domin ƙurarsa tana taurara huhu, kuma cutar ba ta da magani.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da ka sa mana. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
Masu aikin tayil da gilashi na Zangon Kumasi