Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Mafarki Ko Ido Biyu?

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Daren Alhamis na yi mafarkin marigayi Baba. Muna zaune a zaure yana ɓare goro, har ƙamshin turarensa na ji. Ko kusa ban zaci barci nake ba. Kiran assalatu ne ya tashe ni, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskata. Tun ranar nake tambayar kaina: tunda a mafarkin ma na sakankance ido biyu nake, da me zan tabbatar yanzu a farke nake?

Kada ka ce in mintsini kaina. Mai barci ma yana iya mafarkin ya yi hakan.

Ashe Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sha fama da wannan. Ya lura ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro ƙarami kamar kwabon dinari alhali ya fi duniya girma. Hankali ne ke ƙaryata ido. To wa ya sani ko akwai wani hali sama da hankali, wanda farkawarmu barci ce a wurinsa? Kusan wata biyu ya yi cikin wannan shakka, kuma ba hujja ce ta fitar da shi ba, haske ne Allah Ya jefa masa a zuciya. Descartes, masanin falsafa na Faransa, ya sake tayar da zancen a 1641, ya kammala da cewa mafarki ba ya ɗinkuwa da sauran rayuwar mutum. Da gaskiyarsa, don bashin da na kwana da shi, da shi nake tashi.

Amma ni As'habul Kahfi suka fi tsaya mini. Shekara 309 suna kwance, da suka tashi suka ce yini ne ko sashen yini. Jikinsu bai gaya musu komai ba. Sai da ɗayansu ya shiga gari sayen abinci da tsohuwar azurfarsa, sannan mutane suka buɗe musu ido.

Shi ya sa na rubuto maka. Kai ma ka zauna a zauren nan, ka karɓi goro daga hannun Baba. Don Allah ka amsa mini da wuri, ka faɗa mini abin da ka tuna na zamansa, in gwada da nawa.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum.