Birkin tirela daga kwamfuresa yake farawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan kwamfuresar iska ta manyan motoci, domin duk lokacin da tirela ta yi ɓarna a hanyar Katsina zuwa Kano, sai a ce birki ne ya shanye, alhali sau da yawa cutar ta daɗe da somawa a wannan na'ura.

A jikin injin dizal ake ɗaure kwamfuresa, kuma shi ke juya ta da giya ko da bel. A cikinta akwai fistan wanda idan ya sauka yake zuƙo iska, idan ya hau kuma ya matse ta ya tura ta tankunan da birki ke ɗiba daga cikinsu. Idan iskar ta kai wajen PSI 120 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin matsin iska), wani ƙaramin bawul da makanikai ke kira gwamna yakan dakatar da cikawar, sai ta ragu zuwa kusan 100 sannan a ci gaba.

Iskar da aka matse zafi take ɗauka, kuma da ta huce a tanki sai ruwa ya kwanta a ƙasa. Baƙin man injin ne ke shafe fistan ɗin, saboda haka idan ƙurar hunturu ta bi ta yagaggen filta ta cinye ringi, wato zobban da ke jikin fistan ɗin, man zai bi iska, wani ya ƙone ya toshe bututu, sauran ya gauraya da ruwan. Duk wanda ya buɗe ƙasan tankin motar da aka yi wa sakaci ya ga abin da ke zubowa, mai kauri kamar kunun kanwa, kuma shi ke lalata robobin bawul har iska ta riƙa zurarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ɗaure sifirin ɗin da aka yi domin ya kama tayoyin baya da kansa idan iska ta yi ƙasa sosai, wai don kada mota ta tsaya da kaya a hanya. Wannan wasa ne da rayukan jama'a.

Ina kira ga direbobi su riƙa zubar da ruwan tanki kullum, kuma kada su tashi sai agogon da ke nuna ƙarfin iskar tanki ya cika. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da shugabannin tashoshi su ma su riƙa duba wannan agogo yadda suke duba takardu.

Naku,
Wani mai gyaran manyan motoci,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.